Takardar Wakilci da Cinikin Gida: Nazarin Wata Taƙaddama a Birnin Kano

Lamarin da za a duba a nan ya shafi wani ɗan kasuwa mutumin Kano, wanda ya tashi a harkar atamfa da shadda a Kantin Kwari, daga baya kasuwanci ya zaunar da shi a Jidda tare da iyalinsa shekara da shekaru. Ba za a ambaci sunansa ko na wani cikin waɗanda abin ya shafa ba, Alhaji kawai za a riƙa ce masa. Yana da gidan haya a Hotoro mai sassa huɗu, wanda ke da satifiket ɗin gwamnatin jiha da sunansa, kuma da ya ga karɓar haya da bin gyare-gyare sun fi ƙarfin mutumin da ke zaune a wata ƙasa, sai ya sa lauya a Kano ya rubuta takardar wakilci da sunan ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya. Aka aika masa da takardar can, ya sa hannu a gaban jami'in ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda, aka buga hatimi, aka dawo da ita gida. Ainihin satifiket ɗin ma a hannun ƙanen aka bar shi, domin shi ne mai zuwa biyan harajin ƙasa.

Abin da takardar ta ƙunsa ba shi da yawa. Ta ba ƙanen ikon karɓar kuɗin haya da ba da rasit, da sanya ɗan haya da tayar da shi, da yin gyaran da gidan ke buƙata, da biyan haraji, da shigar da ƙara ko kare ƙara a kotu kan abin da ya danganci gidan. A ƙarshenta akwai jimlar nan da lauyoyi suka saba rufe irin waɗannan takardu da ita, wadda ke cewa wakili yana da ikon aikata duk wani abu da ya shafi gidan kamar yadda mai shi zai aikata da kansa. Babu inda aka ambaci sayarwa ko jingina ko kyauta, babu kuma inda aka ce wakilin yana iya wakilta wani.

An daɗe ana tafiya lafiya a haka, sai Alhaji ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke, kuma bisa shaidar matarsa da takardun asibiti ya kai ga ba ya gane waɗanda ke kansa. Jinya ta cinye abin da ke hannun iyalin. Cikin wannan hali ne ƙanen ya nemo dillali, aka samu mai saye, wani ma'aikaci da ya yi ritaya yana neman inda zai zuba kuɗin sallamarsa ya riƙa samun na cefane. Ciniki ya faɗa a farashin da ya gaza abin da gidajen layin ke yi a lokacin, saboda mai sayarwa yana cikin gaggawa. Ba a rubuta takardar mayar da mallaka ba, ba a kuma nemi amincewar gwamna ba. An bi hanyar da ta zama ruwan dare a cinikin filaye da gidaje ne: ƙanen ya ba mai sayen rasit, ya miƙa masa satifiket, sannan ya sa hannu a wata sabuwar takardar wakilci da aka rubuta cewa ba ta warwaruwa, wadda ta ɗora mai sayen a kan gidan. Wani kaso na kuɗin ya tafi Jidda aka biya asibiti, sauran kuma ƙanen ya zuba a shagonsa da niyyar zai mayar. Bayan 'yan watanni Allah ya yi wa Alhaji rasuwa. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya biyar, biyu maza uku mata, autarsu ba ta balaga ba, iyayensa kuwa sun riga shi.

Magada sun san an aiko da kuɗi, amma sun ɗauka tarin haya ne ko rance baffansu ya ciwo. Sai da babban ɗan ya zo Kano don a fara lissafin gado, ya je Hotoro, 'yan haya suka shaida masa cewa ai tuni sun koma biyan sabon mai gida. Da ya tunkari baffansa, amsar da ya samu ita ce: "Yaya ya ɗanka mini komai na gidan nan a rubuce, kuma don ransa na sayar. Da kai ne a matsayina, za ka zuba ido ya mutu a kan gado saboda bulo da siminti?" Ɗan ya ce: "Baffa, ba wanda ya ce ka ci amana, amma da ka tuntuɓi Hajiya kafin ka sallama." Mai sayen a nasa ɓangaren ya riƙe takardu uku, rasit da satifiket da takardar wakilci, yana ganin babu wanda ya isa ya tayar da shi.

Abin da za a fara warwarewa shi ne ko takardar farko ta ba ƙanen ikon sayarwa, domin duk sauran maganar a kan wannan ta rataya. Ƙa'idar da kotunan Najeriya ke bi, wadda suka gada daga dokar Ingila, ita ce ana karanta takardar wakilci a matse, ba a faɗaɗa ta. Wakili yana da ikon da aka rubuta masa da abin da ya zama dole don aiwatar da shi, ba ya wuce nan. Idan aka jera ayyuka takamaimai sannan aka rufe da jimla mai faɗi, to faɗin jimlar yana komawa ne cikin da'irar ayyukan da aka jera. Duk abin da aka lissafa a takardar Alhaji na kula da gida ne, don haka "duk wani abu" na ƙarshe yana nufin duk wani abu na kula da gida, kamar ɗauko mai gyaran famfo ko sabunta yarjejeniyar haya. Rabuwa da gidan dungurum wani al'amari ne dabam, wanda ke buƙatar a ambace shi ƙarara. Akwai ma ƙarin sharaɗi da aka san shi tun shari'ar Abina da Farhat ta 1938, cewa wanda zai sa hannu a takarda mai hatimi a madadin wani, dole ikon da aka ba shi ya zo a takarda mai hatimi. Wannan yana rufe ƙofar hujjar da ƙanen ya so kawowa daga baya, wai Alhaji ya taɓa ce masa a waya idan ta ɓaci ya sayar.

Ƙanen ya dogara sosai da hatimin ofishin jakadanci, yana ganin takardar da ta bi ta hannun hukuma ba ta da maganar da za a yi mata. Sashe na 150 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce kotu za ta ɗauka cewa takardar wakilcin da aka sa wa hannu a gaban notari, wato lauyan da hukuma ta ba ikon tabbatar da takardu, ko alƙali ko majistare ko jami'in jakadancin Najeriya, aka kuma tabbatar da ita, an yi ta yadda ya kamata. Amfanin wannan shi ne ba sai an sha wahalar tabbatar da cewa sa hannun Alhaji ne ba. Hatimin bai ƙara wa takardar ko kalma ɗaya ba, kuma magada ba su taɓa musun sa hannun mahaifinsu ba.

A fiƙihun Malikiyya, wanda da shi kotunan shari'a na Kano ke hukunci, sakamakon bai canja ba. Wakilci halal ne, malamai suna kafa hujja da aya ta 19 ta Suratul Kahfi, inda mutanen kogo suka aiki ɗayansu birni da azurfarsu ya sayo abinci. Sai dai sun raba shi biyu: akwai wakilin da aka keɓance wa aiki, wanda ba ya ƙetare abin da aka ambata masa ko abin da al'ada ta nuna yana ciki, akwai kuma wakilin da aka sakar wa komai. Ko shi wannan na biyun, Muhtasar na Shehu Halil ya togace masa wasu abubuwa da ba zai yi ba sai da izini na musamman, daga ciki akwai sakin matar wanda ya wakilta shi, da aurar da 'yarsa budurwa, da sayar da gidan da yake zaune a ciki. Gidan Hotoro na haya ne, don haka wannan togaciya ba ta hau kansa kai tsaye ba, amma tana nuna yadda malaman suka ƙi yarda a ce kalmar "komai" ta haɗiye abubuwa masu girma. A al'adar Kano kuwa, babu wanda zai ji an ce wane yana karɓar wa yayansa haya ya fahimci cewa an ba shi damar sayar da gidan. Akwai kuma batun farashi, domin ko wakilin da aka ba izinin sayarwa an ɗora masa ya sayar a kan abin da kasuwa ke yi, idan ya karya farashi da yawa mai dukiya yana da damar ƙin amincewa.

Gushewar hankalin Alhaji ita ce wurin da ya fi tsauri a kan ƙanen, ko da yake nan ne ya fi samun tausayin jama'a. A dokar da aka gada, wakilci na yau da kullum yana faɗuwa idan mai wakiltawa ya janye shi, ko ya rasu, ko ya karye da bashi a hukumance, ko hankalinsa ya gushe, saboda wakili yana aiki ne da nufin wani, idan kuwa mai nufin ya rasa ikon yin nufi, babu abin da ya rage a wakilta. Ke nan a ranar da aka yi cinikin, ko ikon karɓar haya ma yana cikin shakka, balle na sayarwa wanda da ma babu shi. Mutanenmu da ke zaune a Ingila kan ji labarin wata takardar wakilci da ke ci gaba da aiki bayan mutum ya rasa hankalinsa, su ɗauka haka abin yake ko'ina. Wancan tanadi ne da majalisarsu ta yi a 1985 ta kuma sake fasalinsa a 2005, bai shigo cikin abin da Najeriya ta gada ba, domin gadon ya tsaya ne a kan dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu 1900. Abin da ya kamata ƙanen ya yi shi ne ya haɗa kai da matar Alhaji da manyan 'ya'yansa su je gaban alƙali da takardun asibiti, a naɗa wanda zai kula da dukiyar majinyacin, a nemi izinin sayarwa idan larura ta tabbata. Shari'ar Musulunci ta san wannan hanya tun da daɗewa a babin masu buƙatar a tsare musu dukiya. Tana ɗaukar lokaci, kuma mai majinyaci a asibiti ba ya son jin wannan, amma ita ce kaɗai ke ba mai saye abin da zai riƙe.

Daga nan sai a juya ga takarda ta biyu, wadda mai sayen ya ɗauka ita ce shaidar mallakarsa. Dalilin da ya sa ake yawan bin wannan hanya sananne ne. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗanka ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 22 ya hana mai satifiket mayar da haƙƙinsa ga wani ta hanyar sayarwa ko jingina ba tare da amincewar gwamna ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta nuna nauyin wannan a shari'ar Bankin Savannah da Ajilo a 1989, inda jinginar da ba a nemi amincewa a kanta ba ta rushe. Neman amincewa yana da kuɗi, yana da jira, sai mutane suka gano cewa takardar wakilci ta fi sauƙi, suka mayar da ita madadin takardar ciniki. Matsalar ita ce Kotun Ƙoli ta riga ta fayyace matsayinta a shari'ar Ude da Nwara a 1993, cewa takardar wakilci ta ɗora wa wani aiki ce kawai, ba ta mayar da mallaka ga wanda aka ba, sai idan ya yi amfani da ikon ya sayar ko ya ba da haya ga wani ko ga kansa. A shari'ar Chime da Chime ta 2001 kotun ta ƙara da cewa wanda ya ba da wakilci bai rasa ikon sayar da abinsa da kansa ba muddin wakilin bai riga ya aiwatar ba. Saboda haka ko da Alhaji ne da kansa ya sa hannu a takarda ta biyu, sunan mai sayen bai hau gidan ba tukuna.

Gaskiya ne cewa doka ta san wakilcin da ba ya warwaruwa. Dokar Ingila ta 1882 kan cinikin ƙasa, wadda lauyoyi ke dogara da ita a jihohin Arewa, ta ce idan an ba da wakilci a kan kuɗin da aka biya, aka kuma rubuta cewa ba ya warwaruwa, to mutuwar mai bayarwa ko haukarsa ba ta rushe shi a kan wanda ya saya ta hanyarsa, haka kuma idan an rubuta cewa ba ya warwaruwa na wani lokaci da bai wuce shekara ɗaya ba. Lauyan mai sayen ya so ya fake a nan, amma kariyar tana aiki ne idan mai dukiyar ne ya ba da wakilcin. Takardar Alhaji ba a kan kuɗi aka ba da ita ba, ba a kuma ce ba ta warwaruwa ba. Takarda ta biyu kuwa wakili ne ya bayar, alhali ƙa'ida a dokokin biyu ita ce wakili ba ya wakilta wani sai an ba shi izini ko yanayin aikin ya tilasta. Wanda ba shi da ikon sayarwa ba zai ba wani ikon da shi kansa bai mallaka ba, kuma rubuta cewa takarda ba ta warwaruwa ba ya haifar da ikon da babu shi tun farko. A ganina laifin da ya fi girma a duk wannan lamari yana kan wanda ya rubuta takarda ta biyu, domin an kawo masa ta farko, kuma karatun shafi biyu ya isa ya nuna masa cewa babu maganar sayarwa a ciki.

Ba a bar mai sayen hannu rabbana ba, sai dai haƙƙinsa yana kan ƙanen ne, ba a kan gidan ba. Wanda ya gabatar da kansa a matsayin mai ikon da ba shi da shi, doka tana ɗora masa mayar da kuɗi da biyan asarar da ta biyo baya, ko da ya yi ne da zuciya ɗaya. Kotuna kan kare wanda ya biya kuɗi ya kuma shiga gida ko da takardunsa ba su cika ba, amma wannan yana faruwa ne idan daga hannun mai gidan ko wakilinsa na gaskiya ya saya. A fiƙihu, cinikin wanda ya sayar da kayan wani ba da izini ba yana tsayawa ne a kan amincewar mai kaya, kuma Malikiyya suna kafa hujja da hadisin Urwatul Bariƙi, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba dinari ɗaya ya sayo akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya, ya dawo da akuya da dinari, aka kuma yi masa addu'ar albarka. A nan mai kayan bai farfaɗo ya amince ba har ya rasu, gidan ya shiga cikin abin da ya bari, magana ta koma hannun magada.

Lauyoyin ɓangarorin biyu sun faɗa wa mutanensu abin da zuwa kotu zai jawo. Rabon gado na kotun shari'a ne, amma sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha sauraron taƙaddama kan filin da ke da satifiket ɗin gwamna, kuma mai sayen ba magaji ba ne. Ana maganar shari'a biyu ke nan a kotuna biyu, gado yana jiran hukuncin mallaka, ga ɗaukaka ƙara a gaba, ga kuma zumunci da zai tarwatse. Wannan ya sa aka zauna sulhu a zauren wani dattijo na dangi, da malami ɗaya da lauyoyin biyu.

An fara da lissafin kuɗin da ya tafi asibiti, wanda aka tabbatar da rasit-rasit da shaidar Hajiya. Tun da Alhaji aka kashe wa, an ɗauke shi a matsayin bashi a kan dukiyar mamaci, bashi kuwa ana fitar da shi kafin wasiyya da gado. Abin da ƙanen ya zuba a shagonsa ya zama bashi a wuyansa, kuma ba shi da kason da za a cire masa daga ciki, domin 'ya'ya maza sun katange shi daga gado. Sai aka sa dillalai biyu da ba su da hannu a cinikin farko suka yi wa gidan kuɗi. Magada suka yarda su sayar wa mai sayen nan da gidan ke hannunsa, da sharaɗin ya cika abin da ke tsakanin farashin gaggawa da na kasuwa, ya kuma bar musu hayar da ya karɓa daga ranar rasuwa zuwa ranar sulhu, a cire daga lissafinsa. Ya yi gardama a kan hayar, yana cewa da kuɗinsa ya gyara rufin ɓangare biyu, aka duba aka rage masa abin da ya kashe.

Rabon bai yi wuya ba, domin matar tana da ɗaya cikin takwas, bakwai ɗin da suka rage kuma suka rabu daidai, kowane namiji biyu, kowace mace ɗaya. Kason auta ne ya hana a gama a zaure, saboda manyan suna iya sassauta wa baffansu ko mai sayen daga nasu, amma ba wanda ke da ikon yafe haƙƙin yarinyar da ba ta balaga ba. Dole aka kai yarjejeniyar gaban kotun shari'a ta tabbatar da magada, ta duba cewa farashin bai cutar da marainiya ba, ta kuma ayyana wanda zai sa hannu a madadinta. Bayan haka ne aka rubuta sabuwar takardar mayar da mallaka daga magada zuwa mai sayen, aka biya kuɗin hatimi, aka shigar da neman amincewar gwamna da rajista a ofishin filaye na jiha, inda hukumar KANGIS ke riƙe da bayanan filayen Kano. An soke takarda ta biyu a rubuce, aka sanar da 'yan haya wanda za su riƙa biya. An yanka wa ƙanen abin da zai riƙa biya duk wata, aka kuma rubuta cewa kason auta za a fara cikawa daga ciki kafin na sauran.